Nutsewar Laconia a 1942: Wa Doka Ta Ɗora Wa Ceton Wanda Ya Faɗa Teku a Lokacin Yaƙi?

A daren 12 ga Satumba 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya harbi Laconia, babban jirgin fasinja na Birtaniya mai aiki da tururi, a Tekun Atlantika, can kudu da gaɓar Laberiya. Mutum 2,732 ne a cikinsa. Fiye da 1,600 sun mutu, adadin da ya zarce na Titanic. Abin da ya sa masana dokar yaƙi ke komawa kan wannan lamari har yau shi ne abin da ya biyo baya. Wanda ya harbi jirgin shi ne ya tsaya tsamo mutane daga ruwa. Jirgin saman Amurka ya zo ya yi musu ruwan bam alhali 'yan ɓangarensa na cikin kwale-kwalen. Jiragen Faransa, waɗanda ba sa cikin yaƙin, su suka kwashe ragowar. Daga nan rundunar ruwan Jamus ta fitar da umarnin hana ceto baki ɗaya.

Masu ba da labarin sun rabu gida biyu. Wasu na ɗaukarsa shaidar cewa sojan ruwan Jamus sun yi halin girma, Amurkawa suka ci amanarsu. Wasu kuma ba sa ganin komai a ciki sai umarnin hana ceto, wanda aka tuhumi Adimiral Karl Dönitz, shugaban jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus a lokacin, a kansa a kotun Nuremberg da ta yi wa shugabannin Jamus shari'a bayan yaƙi. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin magana ya bar rabi. Kafin a gane inda laifi ya kwanta, sai an san matsayin Laconia a wannan dare, da abin da doka ta ce a lokacin, da iyakar abin da jirgin ƙarƙashin ruwa zai iya yi ko da kwamandansa na da niyya.

## Jirgin fasinja ne ko na soja?

An ƙera Laconia a ma'aikatar Swan Hunter da ke bakin kogin Tyne a arewacin Ingila, aka sa shi ruwa a 1921, ya fara aiki da kamfanin Cunard a 1922. Tsawonsa ya haura mita 180, girmansa tan 19,695 a ma'aunin jiragen kasuwa, injinansa na tururi suna juya farfela biyu, gudunsa kimanin kilomita 30 a awa. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 rundunar ruwan Birtaniya ta karɓe shi, ta ɗora masa manyan bindigogi takwas masu bakin inci 6. A 1941 aka mayar da shi jirgin jigilar soja, amma ba a raba shi da makamai ba.

A tafiyarsa ta ƙarshe ya taso daga Suwez, ya bi ta Aden, Mombasa, Durban da Cape Town, domin a lokacin Bahar Rum ba ta biyuwa ga jiragen Birtaniya, dole sai an zagaye Afirka. Daga Cape Town ya nufi Freetown shi kaɗai, ba rakiya. A cikinsa akwai ma'aikata 463, sojan Birtaniya 286, farar hula 87 waɗanda yawancinsu mata ne da yara, fursunonin yaƙi 'yan Italiya 1,793 da aka kama a yaƙin hamadar Arewacin Afirka, da sojan Poland 103 masu gadinsu.

Yarjejeniyar Landan ta 1936, wadda Jamus ta amince da ita a wannan shekarar, ta ce jirgin yaƙi, na saman ruwa ne ko na ƙarƙashi, ba zai nutsar da jirgin kasuwa ba sai ya fara kai fasinjoji da ma'aikata da takardun jirgin wurin da za su tsira. Ta ƙara da cewa kwale-kwalen ceto ba a lissafa shi wurin tsira, sai in akwai tudu a kusa ko wani jirgi da zai ɗauke su, gwargwadon yanayin teku. Togaciya biyu ce kawai: jirgin da ya ƙi tsayawa bayan an umarce shi, da wanda ya yi turjiya da bincike. To amma jirgin da ke ɗauke da soja da bindigogi, yana aiki ƙarƙashin gwamnatin da ke yaƙi, yawancin masana ba sa sa shi cikin jiragen kasuwar da yarjejeniyar ta kare. Shi ya sa harbin kansa ba shi ne ake jayayya a kai ba.

Mutumin da ya riga ya faɗa ruwa hukuncinsa daban ne, ko soja ne ko farar hula. Yarjejeniyar Hague ta 1907 ta ce bayan kowace arangama ɓangarorin biyu su nemi waɗanda suka faɗa teku da masu rauni su kare su, amma gwargwadon yadda buƙatar soja ta bari. Ta wannan sharaɗi na ƙarshe kowa ya riƙa samun mafita.

Sai batun tutar Red Cross da jirgin Jamus ɗin ya shimfiɗa lokacin ceton, wanda a kansa aka fi ruɗewa. A teku kariyar wannan alama ta jirgin asibiti ce, wato wanda aka keɓe don jinya kaɗai, aka yi masa farin fenti, aka sanar da abokin gaba sunansa tun kafin ya fara aiki. Jirgin yaƙi mai makamai ba ya zama jirgin asibiti don ya shimfiɗa ƙyalle mai jan kuros a doronsa. Amma mutanen da ya tsamo da waɗanda yake ja a kwale-kwale, kariyarsu ba ta rataya a kan ƙyallen ba.

Akwai kuma giɓin da ba wanda ya toshe: ba wata alama da ɓangarorin suka amince a kanta don jirgin da ke ɗauke da fursunoni. Wanda ya harbi Laconia bai san abokan ƙawancen ƙasarsa ne cike da rumbunansa ba. Wata biyu bayan haka irin wannan ta faɗa wa Birtaniya, lokacin da jirginta na ƙarƙashin ruwa ya nutsar da Scillin na Italiya a Bahar Rum, fursunoni kusan 800 na ɓangarenta suka mutu.

## Dalilin da mutuwar ta yi yawa haka

Wajen ƙarfe 8 na dare a agogon jirgin, jirgin Jamus ɗin mai lamba U-156 ƙarƙashin kwamanda Werner Hartenstein ya saki tofido biyu, wato nakiyoyi masu inji da ke gudu a cikin ruwa. Duka biyun sun sami gefen dama, daidai rumbunan kaya na ƙasa inda aka zuba 'yan Italiya. Ɗaruruwa sun mutu nan take. Jirgin ya karkata dama, bai kai awa ɗaya da rabi ba ya nutse da kyaftin ɗinsa Rudolph Sharp, wanda shi ne ke jan jirgin Lancastria lokacin da aka nutsar da shi a gaɓar Faransa a 1940.

A lissafin takarda, kwale-kwale da allunan ceto sun ishi kowa. Wannan lissafi yana rushewa da zarar jirgi ya karkata. Kwale-kwalen ceto na wancan zamani a rataye yake da igiya biyu, ɗaya a goshi ɗaya a baya, daga wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa a bakin bene. Mutane ne ke sassauta igiyoyin, kuma dole su tafi daidai da juna. In jirgi ya kwanta dama, kwale-kwalen hagu sai ya jingina da jikinsa, yana gogar kawunan ƙusoshi da bakin farantan ƙarfe a hanyar sauka, ya tsage ko ya kife. Na dama kuma yakan yi lilo nesa da bene, tazara ta buɗe tsakaninsa da masu son shiga. In igiya ɗaya ta kuɓuce wa mai riƙe da ita, kwale-kwalen ya rataya a tsaye ya zazzage mutane cikin ruwa. Ga duhu, ga wasu kwale-kwalen da fashewar ta riga ta farfasa. Kimanin rabinsu ba a samu saukar da su yadda ya kamata ba.

Su kuwa fursunoni a kulle suke a ƙasa bayan shingen ƙarfe, kuma ba a buɗe musu da wuri ba. Suka ɓalle shingen, wasu suka hau ta ramukan iska. Masu gadi 'yan Poland na riƙe da bindigogi da banati amma ba a ba su harsashi ba, saboda haka yawancin raunukan da aka gani a jikin 'yan Italiyan na sukar banati ne. Waɗanda suka tsira sun ba da shaidar cewa an riƙa hana na cikin ruwa hawa kwale-kwalen da suka riga suka cika, wani lokaci har da gatari. Na cikin kwale-kwale suna da hujjarsu, domin in mutum ashirin suka kama gefe ɗaya lokaci guda, kifewa zai yi da kowa. Amma alƙaluma sun nuna wanda tsarin ya bari a baya: cikin mamatan, sama da 1,400 'yan Italiya ne. Jini a ruwa ya jawo kifayen shak, suka ƙara ɓarna.

Ke nan mafi yawan waɗanda suka mutu sun mutu ne a daren farko, tun kafin a yi maganar wani jirgin sama ko wani umarni. Wannan ne ɓangaren da masu jayayya kan Jamus da Amurka suka fi tsallakewa, kuma alhakinsa yana kan yadda aka loda jirgin da yadda aka kulle mutane a ƙasansa ba tare da tsarin fitar da su ba.

## Iyakar abin da jirgin ƙarƙashin ruwa zai iya

Hartenstein ya matso wurin ne don ya kama kyaftin da babban injiniya, kamar yadda umarnin rundunarsu ya tanada. Sai ya ji ana kururuwar neman taimako da Italiyanci. Kafin tsakar dare ya wuce sosai ya sanar da hedikwata cewa ya tsamo mutum 90, da gari ya waye sun kai 193, kuma bai tsaya kan 'yan Italiya kaɗai ba.

U-156 tsawonsa mita 77 ne, ma'aikatansa kimanin 50, su ma karɓa-karɓa suke yi da gadajen kwana. Kariyarsa ɗaya ce, nutso. In mai tsaro ya hango jirgin sama, na kan hasumiya su faɗa ciki ta ƙofa ɗaya mai faɗin mutum guda, a rufe, a buɗe tankuna ruwa ya shiga, jirgin ya ɓace cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Da mutum ɗari a doronsa wannan ba ya yiwuwa, ko dai a nutse a bar su a ruwa, ko a tsaya a sha bam. Waɗanda aka shigar ciki kuma nauyi ne. Mutum 193 sun kai tan 13 ko fiye, alhali a ƙarƙashin ruwa 'yan mutane kaɗan in suka koma goshi ko baya sun isa su ɓata wa jirgin daidaito. Iskar da za ta ishi mutum 50 na tsawon sa'o'i takan gurɓace da sauri in an ninka su huɗu. Ruwan sha daga wata 'yar na'urar tace ruwan gishiri yake fitowa. In kuma yana jan kwale-kwale huɗu a jere, tafiya sai a hankali, don kada igiya ta tsinke ko na baya ya sha ruwa.

Saboda haka aikin da ya yi na kwana biyu da rabi shi kaɗai tattarawa ne. Ya tsamo na cikin ruwa, ya rage wa kwale-kwalen da suka yi nauyi ya ƙara wa masu sarari, ya raba ruwa da abinci mai zafi, ya shigar da mata da yara da masu rauni ciki, ya kuma riƙa haɗa kwale-kwalen wuri ɗaya don kada iska da igiyar ruwa su warwatsa su. Wannan na ƙarshe shi ya fi komai amfani. Tudu mafi kusa a nahiyar, wajen Cape Palmas, ya haura kilomita 1,000. Kwale-kwale ɗaya a tsakiyar teku ba a hango shi daga nesa, amma in suna tare a wurin da aka sani, babban jirgi ɗaya zai kwashe su a yini guda. Kai su tudu kuwa ya fi ƙarfin kowane jirgin ƙarƙashin ruwa.

Da farko Dönitz ya karkato da jiragen da ke kan hanyar kai hari Cape Town su zo taimako. Hitler ya ƙi yarda a jinkirta wannan hari, sai aka mayar da su hanya, aka tura U-506 na Erich Würdemann, U-507 na Harro Schacht, da Comandante Cappellini na Italiya, tare da gargaɗin kada kowa ya ɗauki fiye da abin da zai bar shi ya nutse. Yana da kyau a tuna cewa wata ɗaya kafin nan shi wannan Schacht ya nutsar da jiragen Barazil a bakin gaɓarsu, mutum fiye da 600 suka mutu, abin da ya jefa Barazil cikin yaƙin. Kasancewar fursunonin 'yan Italiya ne, ƙawayen Jamus, yana cikin abin da ya sa hedikwata ta yarda da ceton tun farko.

## Saƙon da ba wanda ya gaskata

Da asubahin 13 ga Satumba Hartenstein ya aika saƙon rediyo da Turanci a fili, ba a harshen sirri ba. Ya ce duk jirgin da zai zo taimakon mutanen Laconia ba zai taɓa shi ba, muddin shi ma ba a kai masa hari ta ruwa ko ta sama ba, ya kuma faɗi inda yake: digiri 4 da minti 53 kudu, digiri 11 da minti 26 yamma. Ya ba hedikwatarsa shawarar a nemi ayyana wurin a matsayin yankin da ba a faɗa, amma ba a bi wannan shawara ba.

Turawan Ingila a Freetown sun ji saƙon, suka ɗauke shi tarko. Zargin nasu ba na banza ba ne, domin jirgin da ya tsaya cak yana ɗibar mutane shi ne mafi sauƙin harbi, kuma alkawarin kwamanda ɗaya bai ɗaure sauran jiragen da ke yankin ba. Inda suka yi sake shi ne wajen isar da labari. Sai ranar 15 suka sanar da Amurkawan da ke tsibirin Ascension, suka nemi rakiyar sama ga jirgin kasuwa Empire Haven da suka tura, kuma saƙon bai ambaci cewa Jamusawa na aikin ceto ba.

A Ascension Amurka ta buɗe filin jirgin sama na sirri a Yulin wannan shekarar. Zango ne ga jiragen da ke tasowa daga Natal ta Barazil zuwa Ankara, babban birnin Gana a yau, daga nan su bi ta Kano da Maiduguri da Khartum har fagen daga a Masar. Tankunan man filin a sarari suke, tsaronsa kuma ba wani mai ƙarfi ba.

Da safiyar 16 ga Satumba wani jirgin saman Amurka samfurin B-24 da Laftanar James Harden ke tuƙawa ya hango U-156 yana jan kwale-kwale huɗu, doronsa cike da mutane, an shimfiɗa ƙyallen Red Cross mai kimanin mita biyu. An yi masa sigina da fitila, har wani hafsan sojan saman Birtaniya da ke cikin waɗanda aka ceto ya aika nasa saƙon cewa akwai soja da mata da yara. Harden bai amsa ba, ya juya ya tambayi sansaninsa. Kyaftin Robert Richardson ya ba da umarnin a nutsar da jirgin. Bayan kamar awa ɗaya B-24 ya dawo ya saki bama-bamai, ɗaya ya faɗa tsakiyar kwale-kwalen ya kashe mutane da dama, wasu suka lalata madubin leƙen U-156 da wasu na'urorinsa. Hartenstein ya yanke igiyoyin, ya fitar da waɗanda ke ciki zuwa ruwa, ya nutse a hankali don kada ya ja su ƙasa. Ma'aikatan B-24 sun ba da rahoton sun nutsar da shi, aka ba su lambar yabo. Washegari suka sake kai hari kan U-506, wanda ke ɗauke da kimanin mutum 150 na Laconia, amma ya samu ya nutse.

Hujjar Richardson ita ce ba a sanar da shi wani aikin ceto ba, doka ba ta ba jirgin yaƙi kariyar Red Cross ba, kuma in an bar shi zai iya harbin jiragen da aka tura ko ya gano filin ya ƙone tankunan mai. A kan tutar yana da gaskiya, har Dönitz kansa ya gargaɗi kwamandojinsa bayan harin cewa kada su dogara da ita. Masu sukarsa na cewa matuƙin ya ga kwale-kwalen da idonsa, kuma kai hari inda aka san akwai waɗanda suka faɗa teku laifi ne ko akwai tuta ko babu. Wani nazari da Kwalejin Yaƙin Ruwa ta Amurka ta buga a 1993 ya karkata ga cewa a zahirinsa laifin yaƙi ne. Ba a taɓa gurfanar da kowa a kai ba.

## Waɗanda suka yi ainihin kwasar

A 1942 Afirka ta Yamma ta Faransa, har da Nijar da Dahomey da Senegal, tana ƙarƙashin gwamnatin Faransa mai zama a garin Vichy, wadda ta yi sulhu da Jamus a 1940 ta fita daga yaƙin, yayin da Najeriya da Saliyo ke hannun Birtaniya. Wannan matsayi na tsaka-tsaki shi ya sa Jamus ta iya roƙon Faransa ta tura jirage. Babban jirgin yaƙi Gloire ya taso daga Dakar, tafiyar fiye da kilomita 2,000, Annamite daga Konakiri, Dumont d'Urville daga Kwatano.

Ranar 17 Gloire da Annamite suka haɗu da U-506 da U-507 suka karɓi mutanensu, sannan Gloire ya shiga bin kwale-kwalen da suka warwatse ɗaya bayan ɗaya har cikin dare. Ya ƙare da mutum fiye da 1,000 a cikinsa, ya tsaya Dakar ranar 21, ya isa Kasabalanka ranar 25. Cappellini ya miƙa nasa ga Dumont d'Urville ranar 20. An tsare 'yan Birtaniya da na Poland a sansani a Maroko har sojan ƙawancen Amurka da Birtaniya suka sauka can a Nuwamba. Jimillar waɗanda suka tsira kimanin 1,100 ne.

Kwale-kwale biyu sun rabu da sauran bayan harin bam, suka nufi gaɓar Afirka da kansu. Ɗaya ya isa Laberiya bayan kwana 27 da mutum 16 cikin 68. Ɗayan wani ƙaramin jirgin sojan ruwan Birtaniya ya tsince shi bayan kwana 40, saura mutum 4 cikin 52. Ƙishirwa ce ta fi kashe su. Rabon ruwa 'yan cokula ne a yini, busasshen biskit ɗin da ke cikin kwale-kwale kuwa ba ya haɗiyuwa ga wanda bakinsa ya bushe.

## Umarnin Laconia da hukuncin Nuremberg

A ranar 17 ga Satumba Dönitz ya aika wa jiragensa umarni mai gaɓa huɗu. A daina duk wani yunƙurin ceto, har da tsamo masu iyo, tayar da kwale-kwalen da ya kife, da ba da abinci ko ruwa, domin ceto ya saɓa wa buƙatar yaƙi ta hallaka jiragen abokan gaba da ma'aikatansu. A ci gaba da kama kyaftin da babban injiniya. A ɗauki mutum kawai in bayaninsa zai yi amfani. A yi tauri, a tuna abokin gaba ba ya tausayin mata da yara in yana jefa bam a biranen Jamus. Hanin ba sabo ba ne, tun ƙarshen 1939 akwai makamancinsa, amma kwamandoji da yawa sun riƙa kau da kai suna ba da ruwa da nuna hanyar tudu.

Masu gabatar da ƙara a Nuremberg sun ce maganar hallaka ma'aikata da ta yin tauri kira ne a fakaice na kashe waɗanda suka tsira. Sun kawo Karl-Heinz Moehle, wani kwamandan ayari, wanda ya ce haka ya fahimce shi, haka kuma ya riƙa bayyana wa sababbin kwamandoji. Sun kuma ambaci Heinz-Wilhelm Eck na U-852, wanda a Maris 1944 ya buɗe wuta kan allunan ceton jirgin Girka Peleus, kotun sojan Birtaniya ta yanke masa hukuncin kisa a 1945, ko da yake shi Eck bai jingina aikinsa da wannan umarni ba. Lauyan Dönitz, Otto Kranzbühler, ya ce hana ceto daban, umarnin kisa daban, kuma an hana ne don jiragen sama sun mamaye teku. Ya gabatar da amsar Adimiral Chester Nimitz na Amurka, wanda ya tabbatar cewa tun ranar da suka shiga yaƙi jiragensu ke nutsar da na Japan a Fasifik ba gargaɗi, kuma ba sa ceto in zai jefa su cikin haɗari.

Hukuncin 1 ga Oktoba 1946 ya bi tsakiya. Kotu ta ce umarnin na da harshen damo, ya cancanci suka mai tsanani, amma ba a tabbatar cewa Dönitz ya yi nufin a kashe waɗanda suka tsira ba. Ta ce ya karya yarjejeniyar 1936, domin kwamandan da ba zai iya ceto ba bai kamata ya nutsar da jirgin kasuwa ba tun farko. Sai dai saboda Amurka da Birtaniya sun yi irin haka, ba ta sa wannan cikin lissafin hukuncinsa na shekara 10 ba. Hartenstein bai ga wannan shari'a ba, jirgin saman Amurka ya nutsar da U-156 gabas da Barbados a Maris 1943, ba wanda ya tsira.

## Abin da ya sauya ga matafiyi da ma'aikacin jirgi

Ba a daɗe ba aka ga tasirin umarnin. A ƙarshen Nuwamba 1942 U-177 ya nutsar da jirgin Birtaniya Nova Scotia a gaɓar Afirka ta Kudu, shi ma cike da 'yan Italiya. Kwamandan ya ɗauki mutum biyu ya wuce. Amma hedikwatarsa ta sanar da Fotugal, 'yar ba-ruwanmu, jirgin yaƙinta Afonso de Albuquerque ya fito daga Mozambik ya ceto kusan 200, yayin da fiye da 850 suka mutu. A Disamba aka nutsar da jirgin fasinjan Birtaniya Ceramic mai mutum fiye da 650, ɗaya tak ya tsira. A irin waɗannan jirage, cikin wannan yanayi, aka kwashi dubban sojan Afirka ta Yamma, har da 'yan arewacin Najeriya, zuwa Indiya a 1943 don yaƙin Bama.

Yarjejeniyar Geneva ta biyu ta 1949 ta gyara lafazin. Sashe na 18 ya ce bayan kowace arangama a ɗauki duk matakin da zai yiwu, ba tare da jinkiri ba, don nemo waɗanda suka faɗa teku, aka cire sharaɗin buƙatar soja. Sashe na 21 ya ba da damar kiran jiragen 'yan ba-ruwanmu, waɗanda in suka amsa suna da kariya. A ɓangaren kayan aiki, dokar kare rayuka a teku ta yanzu ta wajabta cewa kwale-kwalen ceto ya sauku ko jirgi ya karkata digiri 20, a iya sauke na jirgin fasinja duka cikin minti 30, kuma kowane mutum ya sami lita 3 ta ruwan sha a ciki.

Jayayyar da ta rage tana kan ma'anar matakin da zai yiwu. Rundunonin ruwa na cewa jirgin ƙarƙashin ruwa na yau, kamar na 1942, in ya fito ya tona kansa, kuma ba shi da wurin zuba mutane. Kwamitin Red Cross na duniya, a sharhinsa na 2017 kan yarjejeniyar, bai musanta wannan ba, amma ya ce rashin iya fitowa bai sauke wajibin ba. Kwamandan zai iya sanar da shugabanninsa wurin da abin ya faru da yiwuwar akwai masu rai, su kuma su isar ga ƙasar da ke kusa ko jiragen da ba sa cikin faɗan, ta hanyar da ɗaya ɓangaren zai gaskata.